Alhaji Abubakar Imam (1911–1981): Mutumin da Ya Shigar da Hausa Ɗab'i da Jarida

Duk ɗalibin da ya karanci fannin tsara harshe ya ci karo da labarin Ibrananci. Harshe ne da ya shafe ƙarnoni masu yawa a rufe cikin littattafan addini, ana sallah da karatu da shi amma ba a ciniki ko hira da shi a gida, har zuwa ƙarshen ƙarni na 19 da aka mayar da shi bakin jama'a. Hausa ba ta taɓa shiga wannan hali ba, domin ba a taɓa rasa masu magana da ita ba. Sai dai a farkon ƙarni na 20 akwai fagagen da ba ta taka ba tukuna: littafin zube da aka buga da inji, jarida, da littafin karatun ƴan makaranta. Wanda ya fi kowa aiki wajen buɗe mata waɗannan ƙofofi shi ne Alhaji Abubakar Imam, kuma rayuwarsa tana nuna yadda harshe yake samun sabon fage.

An haifi Abubakar Imam a shekarar 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja ta Nijeriya. Ɗan gidan malamai ne, don haka da allo da Larabci ya fara. Daga baya ya tafi Katsina, inda yayansa Malam Bello Kagara yake aikin koyarwa. Ya shiga Kwalejin Katsina a 1927, ya gama a 1932, sa'annan aka ɗauke shi malami a Makarantar Midil ta Katsina. Ashe ke nan tun yana saurayi ya haɗa harsuna uku a kansa: Hausar da ya tashi da ita, Larabcin gida, da Turancin makaranta. Wannan haɗi shi ne jarin da ya yi aiki da shi har ƙarshen rayuwarsa.

A lokacin, Hausa tana da daɗaɗɗiyar al'adar rubutu da ajami, amma mafi yawan abin da aka rubuta waƙa ce ta wa'azi da fiƙihu da yabon Annabi. Labari kuwa a baki yake, a dandali da zaure. Rubutun boko sabon abu ne. Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojinsa a 1912, kuma makarantun boko sun yaye ƴan tsirarun masu karatu waɗanda ba su da abin karantawa sai fassarori. Domin cike wannan giɓi ne Rupert East, shugaban Hukumar Talifi ta Zariya, ya shirya gasar ƙaga labarai a 1933. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Imam bai wuce shekara ashirin da biyu ba sa'ad da ya rubuta nasa.

Ruwan Bagaja labarin yawon Alhaji Imam ne da abokin hamayyarsa Malam Zurƙe, kuma masana sun nuna alaƙar tsarinsa da Maƙamatul Hariri ta Larabci. Abin da ya ja hankalin East shi ne yadda matashin ya sa Hausar baka ta zauna a kan takarda ba tare da ta sandare ba. Saboda haka a 1936 aka ɗauko shi zuwa Zariya na ƴan watanni, aka tara masa littattafan hikayoyi na ƙasashe daban-daban, irin su Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Turai da na Indiya. Daga nan ne Magana Jari Ce ta fito, littafi uku, tsakanin 1937 da 1939. Imam ya ɗauki ƙashin bayan kowane labari ya sa masa rigar ƙasar Hausa: sarki da fadawa, alƙali da ɓarawo, kasuwa da zaure, a littafi na farko kuma cikin bakin aku mai hana ɗan sarki fita yaƙi. Ga mai nazarin harshe, muhimmancin littafin yana cikin jimlolinsa. A nan ne aka ga yadda za a rubuta zance tsakanin mutum biyu, yadda za a raba sakin layi, da yadda karin magana za ta shiga zube ba tare da ta yi nauyi ba. Ƴan makaranta na zamani bayan zamani sun koyi rubutun Hausa ta hanyar kwaikwayon waɗannan jimloli.

A watan Janairu na 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, aka kuma naɗa Imam editanta na Hausa. Ya riƙe wannan aiki fiye da shekara goma. Watanni kaɗan bayan fitowarta Yaƙin Duniya na Biyu ya ɓarke, ya zama dole jaridar ta yi bayanin jiragen yaƙi da ƙasashen da mai karatu bai taɓa jin sunansu ba, daga baya kuma ta yi bayanin tsarin mulki da zaɓe da majalisa. Kowace fitowa tana tilasta wa edita ya yanke hukunci: ko ya ari kalmar Turanci ya hausantar da ita, ko ya nemo ta Larabci, ko ya faɗaɗa ma'anar tsohuwar kalma, ko ya haɗa kalmomi biyu su ba da sabuwar ma'ana. Abin da masu karatu suka karɓa ya zauna, abin da suka ƙi ya mutu. Shafin wasiƙu ya koya wa talakan da ya iya boko cewa shi ma yana iya rubuta ra'ayinsa a buga. Hausar jaridar, wadda aka gina bisa karin harshen Kano, ita ta zama ma'aunin abin da ake kira daidaitacciyar Hausa.

A nan ne kamarsa da Eliezer Ben-Yehuda, jagoran farfaɗo da Ibrananci, take fitowa. An haifi Ben-Yehuda a 1858 a daular Rasha, ya koma Birnin Ƙudus a 1881, ya rasu a 1922. An fi tunawa da shi saboda ya reni ɗansa da Ibrananci zalla, da kuma babban ƙamusunsa da aka kammala bugawa a 1959. Amma shi ma ɗan jarida ne. Ya kafa jaridar HaZvi a 1884, kuma a shafukanta ya riƙa gwada sabbin kalmomin da ya ƙirƙira, kamar milon, wato ƙamus. Masana sun yarda cewa malaman makarantu da yaran da suka koyar su ne suka mayar da harshen na yau da kullum. Ben-Yehuda yana da rubutu yana neman masu magana, Imam yana da masu magana yana neman masu karatu, amma dukansu biyu ta jarida da aji suka bi.

Aikin jarida ya jawo Imam cikin harkokin jama'a. A 1943 yana cikin tawagar ƴan jaridar Afirka ta Yamma da suka ziyarci Ingila, tare da Nnamdi Azikiwe, kuma labarin wannan tafiya ne ya zama littafin Tafiya Mabuɗin Ilmi. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya. Yana cikin waɗanda suka assasa Jam'iyyar Mutanen Arewa, ya shiga majalisa a farkon shekarun 1950, daga bisani ya yi aiki a hukumar ɗaukar ma'aikatan gwamnati. Duk da haka bai ajiye alƙalami ba. Ya rubuta Ikon Allah tare da East domin koyar da ilmin halittu da Hausa, ya kuma rubuta littattafan tarihin Musulunci. Allah ya yi masa rasuwa ranar 19 ga Yuni, 1981.

Adalci ne a faɗi abin da wannan nasara ta ci. Hukumar da Imam ya yi wa aiki ta mulkin mallaka ce, kuma ɗaukakar boko ta ture ajami gefe a harkokin hukuma da makaranta. Fifita karin Kano ya sa Katsinanci da Gobiranci da Adaranci suka zama abin da ake gyarawa a rubuce, alhali miliyoyin mutane da su suke magana. Iyakar da Turawa suka shata ita ma ta yi nata aikin. Masarautar Maraɗi jinin sarautar Katsina ce, kuma mutumin Madarumfa da na Jibiya kasuwa ɗaya suke ci, amma a ɓangaren Faransa makaranta ba ta san wani harshe ba sai Faransanci. Shi ya sa yaron da ke cewa lakwal da mushe da kamiyo bai sami irin littattafan da takwaransa mai cewa ofis da lori ya samu ba. Sai bayan ƴancin kai Nijar ta fara cike giɓin: taron Bamako na 1966 kan rubuta harsunan Afirka, makarantun gwaji da aka soma a Damagaram a 1973, da taron Yamai na 1980 kan daidaita ƙa'idojin rubutun Hausa.

A 2025 dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar. Wannan hukunci ne na matsayi, kuma tarihin Imam ya nuna cewa matsayi yana buƙatar kayan aiki a bayansa: littafin da yaro zai so ya karanta, jaridar da za ta gwada sabuwar kalma a gaban jama'a, da marubucin da ya san harshen baka sosai har ya iya zaunar da shi a takarda. Imam ya fara wannan aiki yana malamin makaranta ɗan shekara ashirin da biyu. Kalmomin shari'a da likitanci da kimiyya da Hausar Nijar take jira, ɗalibai da malaman sashen harsuna ne mafi kusa da su.