Matiyu: Mai Karɓar Harajin Da Ya Zama Manzo

A Kafarnahum, wani gari na masunta a gaɓar Tekun Galili, akwai wurin karɓar kuɗin fito a kan hanyar fatake da ta taso daga Dimashƙu. Yankin yana ƙarƙashin Sarki Hirudus Antifas, wanda daular Rum ta ɗaure wa gindi. A wannan wuri ne Matiyu yake aiki, wanda Linjilar Markus ta kira Lawi ɗan Halfa.

Aikin ba shi da mutunci a idon jama'a. A tsarin zamanin, kwangilar haraji ake saye, sai mai karɓa ya fanshe kuɗinsa daga jikin talakawa, abin da ya ƙaru kuma ya zama nasa. Saboda haka Yahudawa suna yi wa masu wannan sana'a kallon maciya amana, suna jera su sahu ɗaya da masu zunubi.

Linjila ta ba da labarin cewa Yesu ya tarar da shi zaune a bakin aiki, ya kira shi, shi kuwa ya tashi ya bi shi. Luka ya ƙara da cewa ya bar kome, sannan ya shirya babbar liyafa a gidansa, abokan sana'arsa suka cika wurin. Farisiyawa suka yi gunaguni, Yesu ya amsa musu da misalin likita, wanda marasa lafiya ne suke bukatarsa.

Matiyu ya shiga cikin manzanni 12. Abin lura shi ne, a jerin sunayensu, Linjilar da ke ɗauke da sunansa ce kaɗai ta haɗa shi da laƙabin mai karɓar haraji. Sauran sun sakaya tsohuwar sana'ar, ita kuwa ta bayyana ta. Littafin mai babi 28 shi ne na farko a Sabon Alkawari, kuma al'adar Ikilisiya tun ƙarni na 2 ta jingina shi gare shi, ko da yake masana da yawa na yau suna ganin wani marubuci ne ya tsara shi wajen shekara ta 80 zuwa 90.

Ambatonsa na ƙarshe yana cikin Ayyukan Manzanni, tare da 'yan'uwansa a Urushalima. Ruwayoyin baya sun ce ya yi wa'azi a Habasha ko Farisa, kuma ana girmama shi a matsayin shahidi. A babban cocin Salerno da ke Italiya ake ziyartar kabarin da aka danganta masa.

Katolika suna tunawa da shi ranar 21 ga Satumba, a matsayin waliyyi majiɓincin masu karɓar haraji, akantoci, jami'an kwastam da ma'aikatan banki. Sana'ar da ta jawo masa ƙyama a Kafarnahum, ita ce a yau masu riƙe da dukiyar jama'a suke neman albarkarsa a kanta.