Clifford Holland: Injiniyan da ya rasu kwana biyu kafin ramukansa su haɗu a ƙarƙashin kogin Hudson

Duk direban da ya bi titin Canal a kudancin Manhattan da ke birnin New York ya miƙe yamma, zai iske hanya ta nutse cikin ƙasa, ta ratsa ƙarƙashin kogin Hudson, ta ɓulla a Jersey City ta jihar New Jersey. Sunanta hanyar Holland.

Da yawa suna zaton ƙasar Holan aka karrama, tun da Turawan can ne suka kafa birnin. Ba haka ba ne. Sunan wani injiniya ne, Clifford Milburn Holland, wanda ya tsara hanyar amma ajali bai bar shi ya ga mota ko ɗaya ta bi ta ba.

An haife shi ranar 13 ga Maris 1883 a garin Somerset na jihar Massachusetts a Amurka. Ya kammala karatun injiniyan gine-gine a Jami'ar Harvard a 1906, ya wuce New York kai tsaye, inda ya kama aikin haƙa hanyoyin jirgin ƙasa a ƙarƙashin Kogin Gabas, tsakanin Manhattan da Brooklyn. A can ya koyi abin da ya zame masa sana'a: sarrafa matsin iska.

Iskar da muke shaƙa tana da nauyi. A gaɓar teku tana danna kowane inci murabba'i da kusan fam 14.7, amma jiki ya saba, ba ya ji. Shi ya sa gejin mai faci ke nuna sifiri idan ba a ɗora shi a kan taya ba: ba duka matsin yake aunawa ba, sai rarar da ta hau kan na sarari. Haka agogon da ke nuna ƙarfin turbo a mota yake. Idan ya nuna fam 10, iskar da ake cusa wa injin ta kusa fam 25 ke nan a zahiri.

Da irin wannan lissafi ake haƙa rami a ƙarƙashin ruwa. Kowane mita 10 na zurfin ruwa yana ƙara matsi kwatankwacin na iskar sarari guda. Domin hana ruwa da laka kwararowa, sai a toshe bakin ramin, a hura iska har matsinta ya yi daidai da na ruwan, ma'aikata su yi aiki a cikinta. Idan iskar ta gaza, kogi ya afko. Idan ta yi yawa, ta huda lakar ta tsere sama, ta tafi da duk abin da ta samu.

Hakan ta faru a 1916 a ramin titin Montague, ɗaya daga cikin waɗanda Holland ke kula da su. Iska ta fizgi wani ma'aikaci mai suna Marshall Mabey, ta ratsa da shi ta cikin lakar kogi, ta cilla shi saman ruwa. Ya rayu. Abokan aikinsa biyu kuwa ba su kai labari ba.

A lokacin, motar da za ta ƙetara Hudson daga Manhattan sai ta hau jirgin fito. Hunturun 1917 zuwa 1918 ya yi tsanani, ƙanƙara ta tare kogin, gawayin ɗumama gidaje ya maƙale a gefen New Jersey, birni ya shiga wahala. Jihohin biyu suka amince a yi hanyar mota, kuma a 1919 aka naɗa Holland babban injiniya yana da shekara 36.

Gabansa akwai shawarar George Goethals, janar ɗin da ya gina mashigin ruwan Panama, wanda ya so a yi ƙaton rami guda mai hawa biyu. Saurayin injiniyan ya ƙi, ya tsaya a kan ramuka biyu masu bangon ƙarfe, kowanne da faɗin kusan mita tara. Ja da mutum mai suna irin na Goethals ba ƙaramin abu ba ne, amma tsarin Holland aka ɗauka. An yi bikin fara aiki ranar 12 ga Oktoba 1920 a ƙarshen titin Canal.

Babbar matsalar ba haƙa ba ce, hayaƙi ne. Ba a taɓa yin hanyar mota mai tsawon sama da kilomita biyu da rabi a ƙarƙashin ruwa ba, kuma salansar mota tana fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari. Ita ce dai ke kashe iyalai a cikin barci idan aka kwana da janareta a kunne cikin gida. Holland ya nemi taimakon Hukumar Ma'adinai ta Amurka da jami'o'in Yale da Illinois. Aka auna hayaƙin motoci, aka gwada yadda gubar ke shafar jikin mutum, aka tsayar da iyaka: kada ta wuce kashi 4 cikin 10,000 na iskar ramin.

Daga nan ne injiniya Ole Singstad, haifaffen Norway, ya fitar da tsarin da ya warware matsalar. Maimakon a hura iska daga wannan baki zuwa wancan, abin da zai zama guguwa mai rura wuta idan mota ta kama, sai a turo sabuwar iska ta ƙarƙashin titi, ta fito ta gefe, a zuƙe gurɓatacciyar ta rufi. Fankoki 84 a gine-gine huɗu ke wannan aiki, suna iya sauya iskar ramin gaba ɗaya cikin daƙiƙa 90.

A ƙasa kuwa ana ta fama. Wuri mafi zurfi ya kai kusan mita 28 ƙarƙashin ruwa, don haka matsin wurin aiki kan zarce fam 40, fiye da na tayar ƙaramar mota. Wanda ya fito daga irin wannan iska da gaggawa, sinadarin naitirojin kan yi kumfa a jininsa kamar lemon kwalba da aka buɗe, gaɓoɓi su ɗauki ciwo mai lanƙwasa mutum. Dole a zauna a wani ɗaki na musamman a riƙa sassauta matsin sannu a hankali. Ma'aikata fiye da goma suka rasa rayukansu kafin a gama aikin.

Holland ba injiniyan ofis ba ne. Yana yawan sauka ramin da kansa, ga rigimar 'yan siyasar jihohi biyu, ga lissafin da ba ya yafe kuskure, domin ramin da ya taso daga New York dole ya yi kiciɓis da na New Jersey a tsakiyar laka. A Oktoban 1924 jikinsa ya gaza. Aka kai shi gidan jinya a Battle Creek ta jihar Michigan, inda ciwon zuciya ya yi ajalinsa ranar 27 ga wata, yana da shekara 41. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya mata huɗu.

Bayan kwana biyu ɓangarorin suka haɗu daidai yadda ya lissafa. An soke bikin da aka shirya, wanda shugaba Calvin Coolidge zai tayar da nakiyar ƙarshe daga nesa. Cikin makonni aka sanya wa hanyar sunansa.

Magajinsa, Milton Freeman, shi ma ya rasu a Maris 1925, sai Singstad ya ƙarasa. An buɗe wa motoci hanyar ranar 13 ga Nuwamba 1927, kuɗin wucewa santi 50, kuma motoci fiye da 50,000 suka bi ta a ranar farko. A 1993 gwamnatin Amurka ta sanya ta cikin wuraren tarihi na ƙasa.