Zakariya Firist, Uban Yohanna Mai Baftisma

A zamanin Hirudus sarkin Yahudiya, wanda ya yi mulki daga shekara ta 37 har ta 4 kafin Miladiyya, akwai wani firist mai suna Zakariya. Luka ne ya ba mu labarinsa cikin sura ta fari ta Bishararsa. Gidansa yana wani gari a ƙasar tuddai ta Yahudiya. Matarsa Alisabatu ita ma daga zuriyar Haruna take. Su biyun masu tsoron Allah ne, masu kiyaye Shari'a. Amma ba su da ɗa, ga shi kuwa tsufa ya cim musu. Mutanen wannan zamani suna ɗaukar rashin haihuwa abin kunya ne ƙwarai.

Tun kwanakin Sarki Dawuda aka raba firistoci kashi 24. Zakariya na kashin Abaija ne, wato na 8. Kowane kashi yakan hau Urushalima sau 2 a shekara, ya yi hidimar mako guda cikin Haikali, ban da lokacin manyan idodi. Da yake firistoci suna da yawa, da kuri'a ake raba musu aiki. Aiki mai daraja ƙwarai shi ne ƙona turare safe da yamma a bisa bagaden zinariya, cikin Wuri Mai Tsarki, a gaban labule. Bisa ga abin da malaman Yahudawa suka rubuta, wanda ya taɓa yin wannan aiki ba ya sake shiga kuri'arsa. Saboda haka firist yakan yi shekaru yana jiran ranar nan guda.

Zakariya ya riga ya tsufa sa'ad da kuri'a ta faɗa a kansa. Ya shiga, jama'a kuwa suna addu'a a waje. Sai mala'ika Jibra'ilu ya bayyana a dama da bagaden, ya shaida masa an ji roƙonsa, Alisabatu za ta haifi ɗa, za a sa masa suna Yohanna, shi ne kuwa zai shirya jama'a domin Ubangiji. Zakariya ya dubi shekarunsa da na matarsa, ya yi shakka, ya nemi alama. Alamar da aka ba shi ita ce bebantaka. Ya fito wurin jama'a ba bakin magana, sai nuni da hannu. Duk da haka bai bar aikinsa ba, sai da kwanakin hidimarsa suka cika ya koma gida.

Alisabatu ta yi ciki, ta haihu. Ran kwana 8 'yan'uwa da maƙwabta suka taru domin kaciyar yaron, suna so su kira shi da sunan ubansa. Uwar ta ƙi. Suka tambayi Zakariya, ya nemi allo, ya rubuta sunan da mala'ikan ya faɗa. Nan take bakinsa ya buɗe, ya cika da Ruhu Mai Tsarki, ya yabi Allah saboda fansar da ta kusa. Da wannan yabo Luka ya rufe labarinsa.

Me za mu koya? Ma'anar sunan Zakariya ita ce Ubangiji ya tuna. Addu'ar da shi kansa ya fid da zuciya a kanta, Allah bai manta da ita ba. Mu lura kuma da inda amsar ta same shi: a bakin aikinsa. Da ya yi fushi da Allah ya zauna a gida saboda rashin ɗa, da kuri'a ba ta same shi ba. Shakkarsa ta jawo masa horo na wata 9, amma ba ta warware alkawarin Allah ba.

A cikinmu akwai waɗanda suka daɗe suna yi wa ikilisiya hidima, suna kuwa ɗauke da wani roƙo da ba a amsa ba tukuna. Kada mu zarge su cewa zunubinsu ne ya jawo, gama Littafi Mai Tsarki ya shaidi adalcin Zakariya tun yana marar ɗa. Romawa sun rushe Haikali a shekara ta 70, bagaden turare kuwa babu shi yau. Amma Allah wanda ya tuna da Zakariya yana nan, yana jin addu'ar bayinsa. Bari mu tsaya a bakin aikinmu, mu bar masa lokacin amsa.