Ajayi, Yaron Da Aka Musanya Da Doki

Ya ɗan'uwana mai karatu, ka san yadda a ke yi a ƙauyukanmu idan maigida ya rasu. Dattawa su kan zauna su raba gona, da shanu, da hatsin da ke cikin rumbu. Ka kuma san akwai 'yan'uwa da aka hana su rabonsu domin sun bi Yesu Almasihu. Idan kana cikinsu, ko kana tsoron ranar da za ta zo maka, ka tara iyalinka ku ji labarin wani mutum wanda bai gāji ko fartanya ɗaya daga ubansa ba.

Sunansa Ajayi. An haife shi wajen 1809 a garin Oshogun, cikin ƙasar Yarabawa. A 1821 mahara suka fāɗa wa garin, suka ƙone shi, suka kama yaron tare da uwarsa da ƙannensa. Bai ƙara ganin ubansa ba. Ba a daɗe ba aka raba shi da uwar. Aka yi ta sayar da shi daga hannu zuwa hannu. Akwai lokacin da aka musanya shi da doki, daga baya kuma aka ba da shi a bakin taba da barasa. Ka duba ɗanka mai shekara 12, ka yi tunanin wannan.

A 1822 aka sa shi cikin jirgin masu fataucin bayi na Fotugal a Ikko. Amma jiragen yaƙin Ingila suka tare jirgin, suka kwance bayin, suka sauke su a Firitawun ta ƙasar Saliyo. A can ya koyi karatu, ya ji bishara, ya ba da gaskiya. Aka yi masa baftisma ran 11 ga Disamba 1825, ya ɗauki suna Sama'ila Kurota, wato Samuel Crowther. Shi ne ɗalibi na farko a makarantar Fura Be a 1827. Matarsa ma baiwa ce da aka 'yanta.

A 1841 ya hau kogin Kwara, wannan da ke bi ta Yamai, daga bakin teku, tare da wani mai bishara Bajamushe mai suna Schön. Zazzaɓi ya kashe Turawa da yawa a tafiyan nan. Daga nan aka gane cewa in bishara za ta shiga cikin ƙasa, sai 'yan ƙasa sun kai ta. Shi Schön ɗin nan shi ne ya duƙufa kan Hausa, har ya juya Sabon Alkawari da harshenmu. Wanda ya taimake shi ƙwarai da Hausa kuwa wani yaro ne mai suna Dorugu, mutumin ƙasar Damagaram, shi ma bawa ne da aka 'yanta. Mu mutanen Damagaram kada mu manta da wannan.

Aka naɗa Ajayi fasto a 1843, a 1846 kuma ya tafi aiki Abekuta. A nan ne Allah ya yi masa abin da ya yi wa Yusufu da Yakubu. Bayan shekara 25 ya sadu da uwarsa da rai. Ta tsufa, ta sha wahalar bauta, tana nan kuma kan bautar allolin kakanninta. Ɗanta bai matsa mata ba. Ta zauna a gidansa, tana jin Maganar Allah, har ta ba da gaskiya, aka yi mata baftisma a 1848 da suna Hannatu. A al'ada ɗa ne ke gādon iyaye. A gidan nan kuwa uwa ce ta karɓa daga hannun ɗanta. Kai da ka ke kuka saboda tsohuwarka ba ta karɓi bishara ba tukuna, kada ka fasa yi mata addu'a, kada kuma ka fasa kai mata hatsi.

Daga 1857 ya shugabanci aikin bishara a bakin Kwara, a Onica da Lakwaja da ƙasar Nufawa. Yana shiga fādar sarakuna Musulmi da ladabi. Ba ya zagi, ba ya gardamar banza, sai ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya karanta, ya bar Littafin ya ba da amsa. A ganina matasanmu masu zafin baki suna da abin koyi a nan. Ran 29 ga Yuni 1864 aka naɗa shi bishop a Kantabiri ta Ingila, baƙin mutum na farko da ya sami wannan matsayi a ikilisiyar Angilikan. Babban aikinsa kuwa shi ne juya Littafi Mai Tsarki da Yarabanci, wanda aka kammala a 1884.

Ba zan ɓoye maka ƙarshen ba, gama mai ɗaci ne. A 1890 waɗansu samari 'yan mishan daga Ingila suka zo da zafin kai. Suka zargi ma'aikatansa baƙaƙe, suka dakatar da su a gaban idonsa, har da ɗansa Dandeson, ba su ga girman furfurarsa ba. Gaskiya ne akwai masu laifi cikin ma'aikatan, tsohon kuma yana da sanyin hannu wajen horo. Amma abin da aka yi masa wulakanci ne, daga hannun 'yan'uwa masu bi kuwa ya fito. Da maharan Oshogun ne, da ya fi sauƙin ɗauka. Duk da haka bai bar ikilisiya ba, bai kuwa rama ba. Ciwon shanyewar jiki ya kama shi, ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba 1891. Sai a 2014 babban bishop na Kantabiri ya tsaya a gaban jama'a ya nemi gafara saboda wannan abu.

Sun karɓe masa aiki da girma. Amma akwai gādon da Manzo Bitrus ya yi maganarsa a farkon wasiƙarsa ta fari, wanda Allah da kansa ya ke tsaronsa a sama domin 'ya'yansa. Wannan kam mahara ba su kai gare shi ba, 'yan mishan ɗin ma ba su kai ba. Ku buɗe wurin ku karanta tare da yaranku yau da dare.

Dandeson ya ci gaba da kiwon ikilisiyoyin bakin teku har ya rasu a 1938. Shekara 2 bayan rasuwar tsohon, a Disamba 1893, samari uku, Gowans da Kent da Bingham, suka sauka a Ikko, niyyarsu su kawo bishara ƙasar Hausa.