Dokta Yusufu Bala Usman: Masanin da ya ƙi bari mai biyan albashi ya tsara masa abin faɗa

An haifi Yusufu Bala Usman a garin Musawa a shekarar 1945, jika ne ga Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. Ya yi digirin farko a Jami'ar Lancaster da ke Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya koma Sashen Tarihi na Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, inda ya kammala digirin digirgir a 1974.

Bincikensa ya shafi sauye-sauyen da ƙasar Katsina ta gani daga 1400 zuwa 1883, ƙasar da ta haɗa da yankin Batsari da Safana na yau. Ya dogara da rubuce-rubucen Larabci da bayanan dattawa, ya kuma ƙi yarda da ra'ayin Turawan mulkin mallaka da ke fassara tarihinmu da faɗan ƙabilu.

Ya shiga kwamitin tsara kundin mulki a zamanin Janar Murtala, inda shi da Dokta Segun Osoba suka fitar da rahoton 'yan tsiraru. Daga baya ya zama Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a mulkin PRP.

Jarrabawar ta zo ne a zamanin Janar Babangida. Bayan kisan ɗalibai a Samaru a watan Mayun 1986, kwamitin Janar Abisoye ya zargi wasu malamai da koyar da abin da ba a biya su su koyar ba. A 1988 aka haramta ƙungiyar ASUU, aka kori Dokta Patrick Wilmot daga ƙasar. A 1989 aka sallami Bala Usman daga aiki. Bai nemi alfarmar kowa ba, kotu ya nufa, ita ce kuma ta mayar da shi bakin aikinsa.

A 1990 gwamnati ta amince da rancen dala miliyan 120 daga Bankin Duniya don jami'o'in tarayya, bisa sharaɗin rage ma'aikata da kwasa-kwasai, lamarin da malamai da ɗalibai suka yi wa bore. Abin da ya sha gargaɗi a kai ke nan: mai kuɗi, gwamnati ce ko baƙo, idan aka sakar masa linzami, shi zai zaɓi abin da za a bincika da abin da za a buga. Daga bisani ya jagoranci cibiyar bincike mai zaman kanta ta CEDDERT a Zariya.

Ya rasu ranar 24 ga Satumba, 2005. Allah Ya jiƙansa da rahama.