Gunpei Yokoi: Mai gyaran injin da ake bin na'urorinsa har Japan shekaru bayan mutuwarsa

A unguwar Akihabara da ke birnin Tokyo akwai shagunan da sana'arsu ita ce sayar da tsofaffin na'urorin wasan gem. Masu sha'awar tara irin waɗannan kaya kan taso daga Amurka da Turai, wasu kuma su yi oda ta intanet, su biya dillali da kuɗin jirgi da na kwastan, duk don su mallaki na'urar da aka daina ƙerawa tun kafin a haifi wasunsu.

Da yawa daga cikin kayan da ake kullewa a cikin gilashi a shagunan nan aikin mutum ɗaya ne, Gunpei Yokoi, wanda ya mutu a 1997.

Daga gyaran inji zuwa ƙera abin wasa

An haifi Yokoi a birnin Kyoto ranar 10 ga Satumba, 1941. Ya karanta fannin lantarki a Jami'ar Doshisha, sannan ya kama aiki da kamfanin Nintendo a 1965. A lokacin babbar sana'ar kamfanin ita ce buga karta, aikin Yokoi kuma kula da injinan masana'antar.

Wata rana shugaban kamfanin, Hiroshi Yamauchi, ya gan shi yana wasa da wani hannu mai miƙewa da ya haɗa don rage zaman banza. Maimakon faɗa, sai ya umarce shi ya mayar da abin haja. Aka fitar da shi a 1966 da sunan Ultra Hand, aka sayar da fiye da miliyan ɗaya. Daga nan Yokoi ya koma sashen ƙirƙira.

Kalkuleta a cikin jirgin ƙasa

Labarin da ya fi shahara a kansa shi ne na wata tafiya a jirgin ƙasa, inda ya ga wani ma'aikaci yana ta danna kalkuleta don kashe lokaci. Daga nan tunanin ƙaramar na'urar wasa da za ta shiga aljihu ya zo masa.

A 1980 aka fitar da Game & Watch, kowace da wasa ɗaya da agogo. Allonta irin na kalkuleta ne, wanda ya riga ya yi arha saboda gasar masu ƙera shi. An sayar da fiye da miliyan 43. A samfurin Donkey Kong na 1982 ne ya sa maɓallin nan mai rassa huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama, wanda har yau ake ganin irinsa a kusan kowane abin riƙewa na gem.

Wannan ita ce aƙidarsa ta aiki: a nemi fasahar da ta tsufa, ta yi arha, aka san duk matsalolinta, a ba ta sabon aiki. A ƙarƙashin kulawarsa ne kuma Shigeru Miyamoto, wanda ya ƙirƙiro Mario, ya yi wasan Donkey Kong na 1981.

Game Boy

A watan Afrilun 1989 aka fitar da Game Boy. Allonta ba kala, hoton yana fitowa ne a kan wani kore-kore. Kamfanonin Atari da Sega sun fito da nasu masu kala, Lynx da Game Gear, amma Game Gear na cin batir shida cikin sa'o'i kaɗan, alhali batir huɗu na kai Game Boy nesa. Ga arha, ga jure faɗuwa, ga wasan Tetris da aka haɗa ta da shi a Amurka. Game Boy da ƙanwarta Game Boy Color sun sayu fiye da miliyan 118.

Tuntuɓen Virtual Boy

A watan Yulin 1995 Nintendo ya fitar da Virtual Boy, na'urar da ake ɗorawa a tebur a kan ƙafafu, mai wasa ya kafa idanunsa a ciki ya ga hoto mai zurfi. Launi biyu ne kawai, ja da baƙi. Masu saye suka riƙa kukan ciwon kai da gajiyar ido, ga farashi kusan dala 180 a Amurka.

Kasuwa ta ƙi. Kimanin guda 770,000 aka sayar, wasanninta 22 ne kacal, aka daina ta a Japan kafin shekarar ta ƙare, ba ta ma isa Turai ba.

Yokoi ya kammala Game Boy Pocket, sannan ya bar Nintendo a watan Agustan 1996 bayan shekara 31. Jama'a sun danganta tafiyarsa da faɗuwar Virtual Boy, amma shi ya musanta hakan. Ya kafa nasa kamfanin, Koto, ya fara aiki da Bandai kan wata sabuwar na'urar hannu.

Bai ga fitowarta ba. Ranar 4 ga Oktoba, 1997, motar da yake ciki ta daki wata babbar mota a kan titin Hokuriku. Ya fito don duba ɓarnar, wata motar ta kaɗe shi. Ya mutu yana da shekara 56.

A watan Maris na 1999 aka fitar da na'urar, WonderSwan, mai aiki da batir ɗaya tal, tare da wani wasa da aka raɗa wa suna Gunpey don tunawa da shi.

Abin da masu tarawa ke nema

Game Boy ba ta da wuyar samu, domin an ƙera ta da yawa, kuma kaset ɗin kowace ƙasa na aiki a cikinta. Wuyar tana wajen na'urorin da ba su yi kasuwa ba. Ba a taɓa sayar da WonderSwan a Amurka ko Turai ba, don haka mai so sai ya shigo da ita. Wasu wasannin Virtual Boy, irin su Virtual Bowling da SD Gundam Dimension War, a Japan kaɗai suka fita, kuma kaɗan aka buga, shi ya sa suke tsada.

Shigo da su ma da kasada. Gam ɗin da ya riƙe wayoyin allon Virtual Boy kan saki idan ya tsufa, hoto ya riƙa yin layi-layi. Tsohon batir da aka manta a ciki kan zubo ya cinye ƙarfe. Wutar Japan kuma bolt 100 ce, ta Najeriya 230, saboda haka adaftar Japan na iya ƙonewa idan aka jona ta kai tsaye.

Duk da haka ciniki bai tsaya ba. Na'urar da aka karya wa farashi a 1996 don a rabu da ita, yau kwalinta ma kuɗi ne. A 2003 masu ƙera wasannin gem suka karrama Yokoi da lambar yabo ta aikin rayuwa a taronsu na shekara-shekara a Amurka, fiye da shekara biyar bayan mutuwarsa.