Muhammadu Alkashinawi, Malamin Hisabi Na Birnin Katsina

A cikin shekarar 1741, watau 1154 ta Hijira, wani malami baƙo ya rasu a birnin Alƙahira ta ƙasar Masar, aka binne shi a maƙabartar malamai. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafillace ne, Larabawa kuwa suna kiransa Alkashinawi, watau Bakatsine. Yau in ka zaga makarantun garin nan kana tambayar labarinsa, da wuya ka sami yaro ɗaya a aji wanda ya taɓa jin sunansa. Ga shi kuwa yaran nan da yawa sun ɗauka lissafi kayan baƙi ne, Turawa suka zo da shi tare da alli da allon bango. Saboda haka muka ga ya kamata mu ba da tarihin wannan bawan Allah, musamman domin malaman makaranta da akawuna, waɗanda kullum aikinsu da alƙaluma ne.

Ba a kan tudun banza Muhammadu ya tsiro ba. Tun ƙarni na 15 Katsina ta zama zangon fatake da masu ilmi. Shehu Magili ya sauka a cikinta, hasumiyar Gobarau kuma tana nan tsaye tana shaidar wancan zamani. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani, wanda ya rasu a 1667. A bayansu ne Muhammadu ya taso, ya yi karatu irin na zaure, ya san nahawu da manɗiƙi da fiƙihu. Cikin malamansa akwai Muhammadu Alwali na ƙasar Bagarmi, da Muhammadu Fodi, da Muhammadu Bindu, wanda a wurinsa ya ɗauki hisabi da ilmin haruffa da aufaƙi. Duk malaman ƙasashenmu ne. Abin lura ke nan na farko: ilmin da ya ɗaukaka shi a Masar, daga gida ya tafi da shi.

Wajen shekarar 1730 ya kama hanyar aikin hajji. A lokacin nan hajji tafiya ce ta ƙafa da raƙumi, wadda ta kan ci watanni, wani lokaci shekaru, mutum ya kan yi sallama da iyali bai san ko za a sāke gamuwa ba. Ya sauke farali, ya zauna a Makka da Madina, sa'an nan ya wuce Alƙahira. A cikin wannan zama na baƙunta ya wallafa littattafansa da Larabci. Akwai Bahjatul Afaƙ, na ilmin haruffa da aufaƙi, wanda ya gama a 1732. Akwai Durrul Manzum, na taurari da ɗalasimai, wanda ya kammala a Alƙahira. Yana da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, da wani littafi a kan nahawu.

A Alƙahira ya sauka gidan Shehu Hasan Aljabarti, babban malamin Azhar ne wanda ya shahara wajen lissafi da ilmin falaki. Duk da girmansa bai ji kunyar zama gaban baƙon nan na ƙasar Hausa ya ɗauki karatun aufaƙi ba. A gidansa Muhammadu ya rasu, shi ya bar wa wasiyyar dukiyarsa da littattafansa. Ɗan mai masaukin nan, Abdurrahman Aljabarti, shi ne ya zama babban marubucin tarihin Masar. Ko da ya ke an haife shi bayan rasuwar Muhammadu, ya sa labarinsa cikin littafinsa Aja'ibul Asar, a jerin manyan malaman da suka rasu. Daga nan ne aka sami yawancin abin da aka sani na rayuwarsa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa sai a 1754 aka haife shi, shekara goma sha uku bayan wannan rasuwa.

To, mene ne aufaƙi? Jam'i ne na wafaƙi, shi ne abin da mu ke kira hatimi. A kan zana murabba'i a raba shi gida gida, a zuba alƙaluma daga 1 har su cika gidajen, ba tare da an maimaita ko ɗaya ba. Sharaɗin shi ne, in an tara kowane layi, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ta zo daidai. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara:

4 9 2
3 5 7
8 1 6

Ta ko'ina ka tara, 15 za ka samu. Dubi kusurwoyi huɗu, 2 da 4 da 6 da 8. A lissafin abajada su ne haruffan ba da dal da wau da ha, shi ya sa malamai ke kiran wannan hatimi Buduhu.

Kowane yaro mai haƙuri zai iya haɗa mai gida tara da gwaji, ya rubuta ya goge har ya dace. Amma in aka ce mai gida 25, ko 49, ko 81, sai gwaji ya ƙare, mutum ya shekara yana goge allo bai fita ba. A nan ne aikin Muhammadu ya ke. Ya tattara ƙa'idodin gina hatimi mai layi mara, watau uku, biyar, bakwai, tara, ya bayyana su mataki mataki yadda ɗalibi zai bi ba tare da canki ba.

Ƙa'ida ta fari ita ce a san jimla tun ba a ɗiga tawada ba. Ƙidaya gidajen duka, ka ƙara ɗaya, ka raba biyu, abin da ya fito shi ne alƙalamin tsakiya. Sa'an nan ka riɓanya shi sau yawan gidajen layi ɗaya, ka sami jimla. A mai layi biyar gidaje 25 ne, da ɗaya 26, rabinsa 13. Sha uku sau biyar 65. A mai layi tara gidaje 81 ne, tsakiya 41, jimla 369.

Ga kuma wata hanya ta zuba alƙaluman, daga cikin waɗanda malaman wannan fanni suka daɗe suna koyarwa. Sa 1 a gidan da ke ƙarƙashin na tsakiya. Daga nan ka riƙa tafiya a karkace, gida ɗaya ƙasa gida ɗaya dama, kana sa 2, 3, 4 da sauransu. In ka fita ta ƙasa, sai ka shigo ta sama. In ka fita ta dama, sai ka shigo ta hagu, kamar an naɗe takardar bakinta ya haɗu. In ka tarar da gidan da za ka shiga da mai shi, sai ka koma kan alƙalamin da ka rubuta ƙarshe, ka sauka gida biyu tsaye, ka ci gaba daga can. Da wannan hanya aka gina mai gida tara na sama. Da ita kuma aka sami wannan:

11 24 7 20 3
4 12 25 8 16
17 5 13 21 9
10 18 1 14 22
23 6 19 2 15

Muna roƙon mai karatu ya ɗauki alƙalami ya tara da kansa, kada ya yarda da mu kawai.

Ba za mu ɓoye ba cewa mutanen wancan zamani, har da shi Muhammadu, sun haɗa wannan ilmi da taurari da asirai, kuma malaman addini sun yi saɓani a kan halaccin wannan ɓangare. Hukuncinsa na masu shi ne. Abin da ya shafe mu shi ne lissafin da ke ciki, wanda ba ya bukatar kowa ya gaskata kome sai abin da ya tara ya gani. Shi ne kuma ya ja hankalin masana na baya. Malam Hassan Gwarzo ya yi nazarin wani sashe na aikinsa a 1967, wata malama Ba'amurkiya mai suna Claudia Zaslavsky kuwa ta bayyana hanyoyinsa cikin littafinta na tarihin lissafi a Afirka a 1973.

Masu karanta jaridu sun san wasan nan na sudoku, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1979, ya sami sunansa a Japan, ya bazu a duniya bayan jaridar Times ta London ta fara buga shi a 2004. Shi ma gida 81 gare shi, amma ba hatimi ba ne. A cikinsa 1 zuwa 9 kaɗai a ke sawa, kada ɗaya ya maimaitu a layi ko a ƙaramin ɗaki mai gida tara. Duk da haka tarbiyyar ɗaya ce. Gwani ba ya canka. In ya ga gida biyu a layi ɗaya waɗanda ba abin da zai shige su sai 3 ko 7, ya san alƙaluman nan biyu sun sami masauki, sai ya kore su daga sauran gidajen layin, ko da bai san wane ne zai zauna ina ba tukuna. Wannan shi ne sanin jimla tun ba a ɗiga tawada ba, a wata riga. Shi kansa Muhammadu ya gargaɗi ɗalibi da kada ya fid da rai in aiki ya yi tsauri, gama ya ɗauki yanke ƙauna a kan jahilci.

Saboda haka muna da shawara biyu. Ta farko ga malaman makaranta: ku kai hatimin mai gida tara cikin aji, ku bar yara su sha wuyar gwaji, sa'an nan ku nuna musu ƙa'ida, ku gaya musu sunan mutumin garinsu da ya rubuta irinta. Yaron da ya san dalili ba ya tsoron lissafi, wanda aka ba hadda kawai shi ne ya kan ɗimauce ran jarrabawa, in ya girma kuma ya riƙa cikon jimla da ƙiyasi a littafin kuɗin jama'a. Ta biyu ga waɗanda suka gāji tsofaffin littattafai a gafaka da adaka: ku fid da su ku kakkaɓe, ku nuna wa masu iya karanta su tun gara ba ta riga mu ba. Littattafan Muhammadu sun tsira ne domin ya sami mai masauki da ya san darajarsu.

Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya ba ƙasarmu masu maye gurbinsa, amin.